Awon Ruwan Ƙoramu a Tsibiran Hawai Don Gudun Ambaliyar Ba-zata

An shirya wannan darasi domin hakimai da malamansu masu riƙe da littattafan gunduma. Zancen wata ƙasa ce mai nisa, amma aikin da a ke yi a can aiki ne da kowane malami ya sani, watau duba abu bisa lokacinsa, da rubuta shi daidai, da aika labarinsa ga wanda zai yi amfani da shi tun bai zama tsohon labari ba.

Wanda ya zauna a bakin Kwara ya san ambaliya mai sallama. Ruwan da ya sauka a duwatsun Gini cikin Agusta da Satumba ya kan yi watanni yana tafe, ya bazu cikin fadamun Mali ya huta, ba ya cika a Yamai sai wajen Janairu, sa'ad da damina ta daɗe da wucewa. Mai gona a bakin irin wannan kogi ya kan kafa kara yau, gobe ya dawo ya tarar ruwa ya hau da faɗin yatsa biyu, ya koma gida ya yi shawara da iyalinsa a natse. A tsibiran ƙasashen zafi masu duwatsu ba haka abin ya ke ba. A can ƙoramar da yaro ya tsallake da hantsi ta kan ci namiji tsaye kafin azahar, da la'asar kuma ta janye kamar ba ita ba. Wannan ita a ke kira ambaliyar ba-zata, kuma ita ce ta sa awon ruwa a tsibiri ya zama aiki na minti-minti.

INDA ƘASAR TA KE

Tsibiran Hawai suna tsakiyar Tekun Pasifik, wajen mil 2,400 daga gaɓar Amurka ta yamma. Tun 1959 su ke jiha ɗaya cikin jihohin Amurka, babban birninsu kuwa Honolulu ne, bisa tsibirin O'ahu. Dukansu duwatsu ne da aman wuta ya tayar daga ƙarƙashin teku, saboda haka kowane tsibiri kamar an kifa ƙwarya ne: tsakiya tudu mai tsawo, gefe gangare har bakin ruwa.

Yawancin shekara iska tana busowa daga arewa maso gabas, ta ɗebo laima daga teku. In ta ci karo da dutse ba ta da hanya sai ta hau, in ta hau ta yi sanyi, in ta yi sanyi ta zubar da ruwan da ta ɗauko. Dutsen Wai'ale'ale da ke tsakiyar tsibirin Kaua'i tsawonsa ƙafa 5,148 ne, amma ya kan sami ruwan sama kimanin inci 450 a shekara. A bayan dutsen kuwa, wajen gaɓar yamma, tafiyar da ba ta kai mil ashirin ba, abin da a kan samu kimanin inci 20 ne kurum. Watau mutum yana iya zama cikin rana tsaka, ƙasa a bushe, alhali bisa kansa, cikin gajimaren da ya rufe dutse, ana sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Kogunan kuma gajeru ne ƙwarai. Mafi tsawonsu duka bai wuce mil talatin da 'yan kai ba. Kogin Wailuku na babban tsibiri mil 28 ne, amma cikin wannan ɗan taƙin ya ke gangarowa daga tudun da ya fi ƙafa dubu goma zuwa teku a garin Hilo. Ma'anar sunansa da harshen mutanen ƙasar ita ce ruwan halaka, kuma ba banza su ka sa masa ba. Kogin Hanalei na Kaua'i, wanda kwarinsa ya yi suna wajen noman gwaza, wajen mil 16 ne daga mafarinsa zuwa bakin teku.

Ga wani lissafi da zai nuna nauyin abin. In ruwan sama inci ɗaya ya sauka bisa eka ɗaya, nauyinsa ya kai kimanin tan ɗari, watau garwar kananzir fiye da dubu biyar. A fili mai rairayi ƙasa ta kan shanye rabonta, sauran ya kwanta a fadama. A gangaren dutse kuwa, inda ƙasa ba ta da kauri, kuma ta riga ta ƙoshi da ruwan jiya da shekaranjiya, kusan duk abin da ya sauka gangarawa ya ke yi. Kwazazzabai ashirin ko talatin su kan zubo nasu cikin kwari ɗaya a lokaci ɗaya. Ruwan kuma ba shi kaɗai ya ke tafe ba: yana ɗauke da laka, da itatuwa da saiwoyinsu, da duwatsun da ya tumɓuke.

SANDA, DA RIJIYA, DA ALƘALAMI

Hukumar safiyon ƙasa ta Amurka, wadda a ke taƙaita sunanta USGS, ita ke riƙe da yawancin tashoshin awon koguna. Ta kafa tasharta ta fari a 1889 a Embudo, bakin kogin Rio Grande, sa'an nan ta soma awo a Hawai a 1909. Abin mamaki, ba tsoron ambaliya ne ya kawo ta ba. Masu manyan gonakin rake ne ke bukatar sanin yawan ruwan da za su iya jawowa daga gefen da a ke ruwa zuwa gefen da ba a yi. Amfanin littattafan wajen ambaliya daga baya ya bayyana.

Uban dukan ma'aunai shi ne sanda. A kan sami wuri inda kogi ya miƙe, gindinsa dutse ne wanda ba ya zaizayewa, a kafa katako ko ƙarfe mai zane-zanen ƙafa da kashi-kashinta, a ɗaure shi tam jikin dutse ko ginshiƙin gada. Sa'an nan mai safiyo ya auna tsawon gindin sandar daga wata alama tabbatacciya da ke can tudu, inda ruwa ba ya kaiwa. Wannan alama ita ce asalin aikin. In ambaliya ta tafi da sanda, da ita za a mayar da sabuwa daidai inda tsohuwar ta ke. In babu ita, awon bara da na bana ba su da dangantaka, ko da an rubuta su da kyakkyawan hannu.

Aibin sanda ɗaya ne: sai da ido. Ambaliyar tsibiri kuwa sau da yawa da dare ta kan zo, ta wuce kafin asuba. Malamin da ya duba da ƙarfe shida na yamma ya rubuta ƙafa biyu, ya dawo da ƙarfe shida na safe ya rubuta ƙafa uku, bai yi ƙarya ba, amma littafinsa bai san ruwa ya kai ƙafa goma sha biyu da tsakar dare ba.

Don haka aka ƙago rijiyar awo. A kan haƙa rijiya a gaɓa, a haɗa ta da kogi da bututu ta ƙarƙashin ƙasa, ta yadda ruwan rijiya zai riƙa hawa da sauka tare da na kogi, amma a kwance, ba igiya ba tambal-tambal. Cikin rijiyar akwai wani abu mai tasowa bisa ruwa kamar gorar masunta, an ɗaure shi da siririyar waya wadda ta bi ta kan wata 'yar ƙafa mai juyawa. In ruwa ya hau gorar ta hau, ƙafar ta juya, ta motsa alƙalami bisa takardar da agogo ke ja a hankali dare da rana. Wanda ya warware irin wannan takarda ta ƙoramar dutse zai ga layi a kwance kwana da kwanaki, sa'an nan farat ɗaya ya miƙe tsaye kamar mashi, ya gangaro a hankali. Wannan tsinin shi ne ambaliya.

Yanzu alƙalami da takarda sun ba da wuri. A wasu tashoshi a kan tura iska kaɗan-kaɗan ta cikin siririn bututu zuwa gindin kogi. Gwargwadon zurfin ruwa, gwargwadon ƙarfin da iskar ke bukata kafin ta fita, sai na'ura ta mayar da wannan ƙarfi ya zama ƙafa da inci. A wasu kuwa a kan rataye na'urar radar ƙarƙashin gada, tana jefa sigina bisa fuskar ruwa tana auna lokacin dawowarta. Fa'idar wannan ita ce ba ta taɓa ruwa, balle gungume ya doke ta. Bisa al'ada a kan ɗauki awo kowane minti goma sha biyar, wasu wuraren ma fiye da haka, a aika ta tauraron ɗan'adam kowace awa. In ruwa ya wuce wani ƙa'idajjen tsawo, tasha ba ta jiran awa ta cika, nan take ta ke aikawa. Hasken rana ke cika batirinta, kuma kowa na iya ganin awon ta intanet ba da ko kwabo ba.

Akwai kuma wani ma'auni mai araha wanda ya cancanci a bayyana shi sosai, don ba ya bukatar batir ko agogo. Bututun ƙarfe ne a ke kafawa tsaye a gaɓa, da 'yan huji a gindinsa. A sa sandar katako a ciki, a zuba ɗan garin toshiyar kwalba, irin ta itacen nan maras nauyi mai tasowa bisa ruwa. In ambaliya ta zo, ruwa ya shiga ta hujin ya hau, garin ya hau tare da shi. In ruwa ya janye, garin ya manne jikin sandar daidai inda ruwa ya tsaya. Bayan kwana biyu ko mako ma'aikaci ya zo ya zare sandar, ya auna, ya rubuta, ya goge, ya mayar. Ba ya gargaɗin kowa, amma ba ya mantuwa, kuma da irin shaidarsa a ke sanin tsawon da ya kamata a yi wa gada.

TSAWO DABAN, YAWA DABAN

A nan ne sabon ma'aikaci ya kan yi kuskure. Sanda tana faɗin tsawon ruwa ne kurum, ba ta faɗin yawan da ke wucewa. Yawa kuwa sai an haɗa abu uku: faɗi, da zurfi, da gudu. Mudun da a ke awo da shi a Amurka shi ne akwati mai ƙafa ɗaya tsawo, ƙafa ɗaya faɗi, ƙafa ɗaya zurfi, wanda ke cin kimanin garwa ɗaya da rabi. Sai a ce akwati kaza ke wucewa cikin kowane sakan.

Ga misali. A ce ƙorama faɗinta ƙafa 20, zurfinta ƙafa 2, tana gudun ƙafa 3 a sakan. In an riɓa 20 sau 2 sau 3 an sami akwati 120, watau garwa kusan 190 kowane sakan. To, a ce ta kawo ruwa, zurfi ya zama ƙafa 8, ta bazu ta kai faɗin ƙafa 60, gudu ya kai ƙafa 12 a sakan. Lissafi ya zama akwati 5,760. Sanda ta nuna ruwa ya ninka sau huɗu, alhali abin da ke wucewa ya ninka sau arba'in da takwas. Ƙarfin turin ruwa kuma ba daidai da gudunsa ya ke ƙaruwa ba: in gudu ya ninka biyu, turi ya ninka huɗu.

Don a san gudun, ma'aikaci ya kan shiga ruwa da sanda mai 'yan kofuna masu juyawa, ya ratsa daga gaɓa zuwa gaɓa, yana tsayawa wuri ashirin ko fiye yana auna zurfi da gudu. In ruwa ya fi ƙarfin shiga, sai ya saki na'urar daga kan gada, ko ya ja wani ɗan kwalekwale mai auna gudu da amsa-kuwwar sauti. Ya kan maimaita wannan sau da yawa a shekara, da ƙaramin ruwa da babba, har a sami jadawalin da ke cewa in sanda ta nuna kaza, yawan ruwa kaza ne. Jadawalin kowace tasha nata ne ita kaɗai. Kuma ba ya dawwama, don babbar ambaliya guda ta isa ta kwashe gindin kogi ko ta cika shi da duwatsu, sai a koma a sake awo.

Wahalar tsibiri ita ce, babban ruwan da aka fi bukatar aunawa shi ne wanda ba a iya riska. Kafin ma'aikaci ya ɗauko mota ya iso, ya wuce. In ma ya riske shi, shiga ciki ganganci ne. Sai a bi sawunsa daga baya. A kan nemi layin laka jikin bango, da ciyawar da ta maƙale a reshe, da tarkacen da ya jeru a gangare, a kafa musu alama tun ruwan sama bai wanke su ba, mai safiyo ya auna tsawonsu da gangaren kwarin, daga nan a lissafta yawan ruwan da ya wuce. Aiki ne na sauri, don shaidar laka ba ta daɗewa.

Daga littafin shekaru masu yawa ne a ke fitar da abin da a ke kira ambaliyar shekara ɗari. Sunan nan yana ruɗin mutane. Ba nufinsa in ta zo bana an huta sai jikoki ba. Nufinsa, kowace shekara akwai rabo ɗaya cikin ɗari ta zo, kuma tana iya zuwa bana ta komo baɗi. Littafin shekara goma ba ya iya faɗin wannan da gaskiya. Shi ya sa rufe tsohuwar tasha hasara ce da kuɗi ba ya mayarwa. A Hawai yawan tashoshin ya kai kusan ɗari biyu cikin shekarun 1960, daga nan ya yi ta raguwa yayin da gonakin rake ke rufewa, kuɗin aikin kuma ke ƙaranci. Masana'antar sukari ta ƙarshe, wadda ke tsibirin Maui, ta tsaya a 2016.

DAREN 14 GA AFRIL 2018

Ran Asabar 14 ga Afril 2018 hadari ya kafu bisa duwatsun arewacin Kaua'i. Iska mai laima tana shigowa daga teku, sama kuma akwai iska mai sanyi ƙwarai, sai hadarin ya yi ta sabunta kansa a wuri guda, wani na ƙarewa wani na tasowa. A wani wuri da a ke kira Waipa, kusa da garin Hanalei, ma'aunin ruwan sama ya nuna inci 49.69 cikin awa ashirin da huɗu, watau milimita 1,262. Wannan ya kusa ninki biyu na abin da Sakkwato ke samu a matsakaiciyar shekara tun daga ruwan shuka har kaka. Ba a taɓa auna irinsa a kwana guda a ƙasar Amurka ba; wanda ya riƙe kambun a da shi ne inci 43 na garin Alvin a jihar Texas, a 1979.

Kogin Hanalei ya haura gaɓa ya shafe gonakin gwaza, ya shiga gari. Gidaje ɗaruruwa su ka lalace. Ɓaunayen Amurka da wani makiyayi ke kiwo a kwarin, ruwa ya kwashe su har cikin teku. Ƙasa ta zabtaro a wurare fiye da goma ta datse hanya ɗaya tak da ke zuwa ƙauyukan yamma da Hanalei, sai da jiragen sama masu saukar ungulu aka kwashe mutane ɗaruruwa, kuma ba a buɗe hanyar ga kowa da kowa ba sai Yuni 2019. Duk da haka ba a rasa rai ko ɗaya ba. An yi gargaɗi, an rufe hanya, an buɗe wurin fakewa, mutanen kwarin kuma sun daɗe da sanin halin koginsu.

Abu biyu cikin labarin nan sun fi lambobin muhimmanci ga mai riƙon littafi. Na fari, ma'aunin Waipa da ya kama wannan adadi ba ya aika labari nan take. Wata ƙungiyar mutanen wurin ce ke riƙe da shi don nazarin kwarinsu, sai bayan kwanaki aka ɗebo abin da ya rubuta, kuma sai a watan Disamba na shekarar masana su ka tabbatar da shi. Ya yi wa tarihi amfani, amma a daren bai ta da kowa daga barci ba. Na biyu, tashar kogin Hanalei, wadda ke aikawa nan take, ta yi shiru ana tsakiyar ambaliyar, don ruwan ya fi ƙarfinta. Tashar da ta yi shiru cikin hadari ba cewa ta ke lafiya ba. Mai tsaron allo wanda ya ga lamba tana hawa tana hawa sa'an nan ta ɗauke, wajibinsa ya ɗauka abin ya ɓaci. Haka ya faru a tsibirin Puerto Rico cikin Satumba 2017, sa'ad da guguwar Maria ta lalata tashoshin awo da yawa, ta kuma farfasa na'urar radar ta duba hadari.

DAGA MA'AUNI ZUWA KUNNEN MUTUM

A babban kogi tashar da ke sama ta kan ba garin da ke ƙasa kwanaki. A ƙoramar tsibiri abin da ta ke bayarwa awa ɗaya ne ko ƙasa da haka. Saboda haka ofishin duba yanayi na Honolulu ba ya jiran kogi ya motsa. Yana duban radar, da ma'aunan ruwan sama da aka warwatsa bisa duwatsu, da yadda ƙasa ta riga ta jiƙa. Radar ma tana da makanta, don dutse ya kan tare mata gani, shi ya sa ba a raina rahoton ɗan sanda ko na mutumin ƙauye da ya buga waya ya ce ruwa ya hau kan hanya. Sanarwa hawa-hawa ce. Akwai ta a zauna da shiri, wadda a kan bayar tun kwana ɗaya ko biyu kafin hadari. Akwai ta ƙaramar ambaliya mai tare hanya. Akwai kuma ta gargaɗi sosai, mai cewa ruwa ya taho ko yana gab da tahowa, wadda a ke karantawa a rediyo da talabijin, in haɗarin babba ne kuma ta shiga wayoyin hannu na duk wanda ke yankin da ƙara mai tsanani. A Hanalei, awon tashar kogi na cikin abin da a ke dubawa kafin a rufe hanyar da ta bi ta tsohuwar gadar ƙarfe ta 1912.

Mafi yawan waɗanda irin wannan ruwa ke ci, a mashigi ya ke samunsu, ko cikin mota. Hukumomin Amurka suna koyar da cewa ruwa mai gudu inci shida ya isa ya kayar da babban mutum, ƙafa ɗaya ta isa ta ɗauki ƙaramar mota, ƙafa biyu kuwa ta tafi da yawancin manya. A watan Afril 2014 matafiya fiye da ɗari su ka maƙale a bayan ƙoramar Hanakapi'ai ta Kaua'i, sai da jirgi aka ɗebo su. Waɗanda su ka haƙura su ka kwana a gaɓa da yunwa da sanyi sun koma gida. Alamun da a ke koya wa masu shiga kwari ba su bukatar na'ura: ruwa garau ya rikiɗe ya yi ja, ganye da ƙirare su soma wucewa, a ji ruri daga sama kamar jirgin ƙasa. Wanda ya ga ɗaya cikin waɗannan, gangare zai hau, ba gudu zai yi ta cikin kwari ba. Mazauna gindin duwatsun Jos da na Mandara sun san waɗannan alamu sarai, don ƙoramunsu ma su kan kawo ruwan da ba a ga saukarsa ba.

Akwai kuma ɓarnar da ma'auni ba ya hangowa, don hannun mutum ne ya jawo ta. Daren 30 ga Oktoba 2004 ƙoramar Manoa ta Honolulu ta kawo itatuwa da tarkace su ka toshe ƙarƙashin wata gada. Ruwa ya bar hanyarsa ya bi ta unguwa, ya ratsa jami'ar Hawai, ya cika ɗakunan ƙasa na babban ɗakin karatu, inda a ke ajiye taswirori da takardun gwamnati dubbai. Ɗaliban da ke karatu a ciki ta taga su ka tsira. Ran 14 ga Maris 2006 kuma, bayan makonni ana ruwa, tsohuwar madatsar Ka Loko ta Kaua'i, wadda aka gina tun zamanin rake, ta fashe kafin gari ya waye, ta kashe mutum bakwai. Bincike ya nuna an cike mafitar da aka yi domin rarar ruwa, kuma ba a duba madatsar yadda doka ta ce ba. Share ƙarƙashin gada kafin damina da zagaya madatsa da ƙafa ba su da kwarjinin tauraron ɗan'adam, amma a waɗannan wurare biyu su aka rasa.

Ba Hawai kaɗai ke da wannan hali ba. A Tekun Indiya, gabas da Madagaska, akwai tsibirin Reyuniyon na Faransa, inda aka auna inci 71.8 cikin awa ashirin da huɗu a wani wuri mai suna Foc-Foc a Janairu 1966, adadin da har yanzu ba a auna wanda ya fi shi a duniya ba. Maƙwabcinsa Morishas kuwa, ran 30 ga Maris 2013, ruwan da bai fi inci shida ba ya sauka bisa babban birninsa Port Louis cikin ƙasa da awa biyu. Birnin yana gindin duwatsu, magudanai su ka kasa ɗauka, mutum goma sha ɗaya su ka rasu, da yawansu cikin hanyar ƙafa ta ƙarƙashin titi. Inci shida ba kome ba ne kusa da saba'in da ɗaya, amma saurin saukarsa da wurin da ya tarar da mutane su ne su ka yi kisa. Don haka mai rubuta ruwan sama a irin wannan ƙasa ba ya wadatuwa da jimlar yini. Ya kan rubuta sa'ar da ruwa ya soma, da sa'ar da ya ɗauke, da sa'ar da ƙorama ta kai iyakar hawanta, da sunan wanda ya duba. In wata rana ba a duba ba, a kan bar gurbin fanko a rubuta dalili a gefe, ba a cika shi da ƙiyasi.